Tirelar Dawaki Ta Ifor Williams HB511: Abin Da Na Gani Bayan Shekara Biyu A Hanyar Kaduna Zuwa Katsina

Mafi yawan masu dawaki a ƙasar nan da babbar mota suke jigilarsu, a shimfiɗa yashi da buntun shinkafa a bayan gingimari, a ɗaure dabbobin a jere, yaran barga su zauna a tsakaninsu har a isa. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, har ranar da wata goɗiyata ta sauko daga mota da rauni a ƙafar baya ana saura kwana biyu a fara gasar kwallon dawaki ta Katsina. Wannan ne ya sa na sayi ƙaramar tirela mai ɗaukar doki biyu, ƙirar Ifor Williams samfurin HB511, wadda aka shigo da ita ta hannu daga Birtaniya, kuma nake janta da Land Cruiser. Shekara biyu ke nan ina bin hanyar Kaduna, Zariya, Kano da Katsina da ita, rani da damina, saboda haka ina ganin na isa in faɗi ra'ayina a kanta.

Kamfanin yana yankin Wales, kuma tun 1958 yake ƙera tireloli. Wannan samfurin nauyinsa ba kaya ya kai kimanin kilo 1,000, iyakar abin da aka yarje masa da kaya da komai kuwa kilo 2,700 ne, wato akwai sararin kilo 1,700 na dawaki da sirdi da abinci. An yi shi ne domin manyan dawakan Turai masu tsayin da ya kai santimita 178 a kafaɗa, don haka dawakanmu na gida da waɗanda ake kawowa daga Chadi da Sudan sakewa suke yi a ciki, har ma dawakan Ajantina da masu hali ke saye ba su cika shi ba. Ƙasansa falankin alminiyum ne da aka lulluɓe da roba mai kauri, kuma wannan ya fi komai kwantar mini da hankali, domin daben katako fitsarin doki yana ruɓar da shi ta ƙarƙashi ba tare da mai shi ya sani ba. Akwai gangarar shiga ta baya da gangarar fita ta gaba, ta yadda doki ba ya bukatar ya ja da baya kafin ya sauka. A tawa gangarar gaban tana ɓangaren dama, abin da ya yi mini daidai, tun da mu a hannun dama muke tuƙi, dokin yana sauka ne ta gefen daji ba ta gefen motoci ba.

Duk wannan bayani ne da mai sayarwa zai iya yi wa mutum. Abin da ba zai faɗa ba shi ne yadda tirelar take a bayan mota idan tanka ta wuce ka da gudu, kuma a nan ne ya kamata a auna ta.

A tafiyata ta uku da ita, ina gangarowa wani tudu bayan an wuce Jaji da dawaki biyu a ciki, gudun motar ya ɗan haura kilomita 90, sai wata doguwar mota ta sha gabana. Iskar da ta turo ta fara ture gindin tirelar zuwa dama, da ta wuce kuma sai ta zuƙo shi zuwa hagu, daga nan tirelar ta shiga lilo, kowane kaɗawa ya fi na bayansa faɗi, har na ji bayan Land Cruiser ɗin yana binta. Na ɗaga ƙafa daga totur a hankali, na riƙe sitiyari a miƙe, na hana kaina taka birki duk da cewa ƙafata can take son zuwa, kuma da gudun ya sauko ƙasa da 70 sai lilon ya mutu da kansa. Na tsaya a gefen hanya na tarar da dawakan sun jiƙe sharkaf da gumi, amma ba wanda ya faɗi.

A lokacin na ɗora wa tirelar laifi. Da na koma gida na bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya sai na gano cewa laifin duk namu ne, ni da waɗanda suka yi mini aiki. Na farko, mai waldar da ya haɗa mini ƙugiyar ja ya ɗora dunƙulen ƙarfen da tirela ke kamawa sama da yadda ya kamata, har hancin tirelar yana kallon sama. A Turai ƙa'idar ƙananan motoci ita ce tsakiyar dunƙulen ya kasance tsakanin milimita 350 da 420 daga ƙasa idan motar tana ɗauke da kaya, amma manyan motocin daji irin tawa sukan zarce haka, sai an sa musu farantin da ke sauko da shi. Tirela mai layin taya biyu ba ta yafe wannan kuskure, domin idan ba ta kwanta daidai ba nauyin yakan taru a layi ɗaya, ɗayan kuma ya rage riƙon kwalta. Na biyu, yaron barga ya jibge buhunan dusa biyu da jarkokin ruwa a can baya kusa da ƙofa, saboda nan ya fi masa sauƙin saukewa. Na uku, mai faci ya ba tayoyin iska irin ta ƙaramar mota, alhali tayoyin wannan tirela na ɗaukar kaya ne masu lamba 165R13C, kuma iska psi 65 suke bukata a geji. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasawa, lanƙwasawar nan kuwa ita ce ke ciyar da lilo.

Batun kayan baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da masu ja suka fi jahilta. Tirela tana tafiya a miƙe ne muddin tsakiyar nauyinta tana ɗan gaban tayoyinta, ta yadda hancinta zai danna ƙugiyar mota da wani kaso na nauyin. A tirelolin Turai kason yakan kama daga 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta, a Amurka kuma, inda tsarin ƙugiyarsu da ƙirar tirelolinsu suka bambanta, 10 zuwa 15 suke nema. Idan kaya suka koma baya, hancin ya yi sako-sako, sai tirelar ta zama kamar tulun da aka rataya a igiya, abu kaɗan ya taɓa shi ya fara kai da komo. Ana iya auna nauyin hancin a gida da sikelin da mutane ke hawa da guntun katako da aka yanka daidai tsayin ƙugiya, kuma bai kamata ya wuce iyakar da aka rubuta a jikin ƙugiyar motar ba. A tirelar dawaki masu ƙira sun riga sun tsayar da dabbobin a kan tayoyi ta hanyar sandunan ƙirji da na gindi, saboda haka abin da ya rage a hannun mai ita shi ne kada ya ɓata lissafin da tarkacen da yake ƙarawa. Tun daga ranar na mayar da dusa da ruwa da sirada cikin motar kanta, ba abin da ke shiga tirela sai doki da ragar harawarsa.

Bayan na gyara waɗannan abubuwa uku, sai na ga ainihin halin tirelar, kuma hali ne mai kyau. Tana bin mota a natse, ba ta rawa a kwana, kuma idan babbar mota ta wuce akan ji turin iska sau ɗaya sannan ta koma layinta. Sifirin ɗinta na ganye ne irin na tsofaffin motocin ɗaukar kaya, wanda kowane makanike a Panteka ya san kansa, kuma ya jure ramukan da ba a yi shi dominsu ba. Idan ba kaya a ciki tana tsalle da ƙara sosai, amma da zarar doki ya hau sai ta lafa.

Birkinta na turi ne. Idan mota ta rage gudu, tirelar takan turo kan ƙugiya, sandar da ke hancinta ta shige ciki, ta ja wayoyin da ke kama birkin tayoyi huɗun. Tsari ne mai sauƙi da ba ya bukatar lantarki, kuma a ƙasar da ƙura da ruwa ke cin wayoyin wuta wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Sai dai mai saye ya san iyakarsa: direba ba shi da hanyar kama birkin tirela shi kaɗai daga cikin mota. Tirelolin Amurka masu birkin lantarki suna da wannan dama, inda direba zai danna maɓalli tirelar ta ja baya ta miƙe kamar an ja igiya, kuma wannan magani ne mai ƙarfi idan lilo ya fara. A nan babu shi, don haka kariyar da ta rage ita ce kada a bari lilon ya fara tun farko. Sababbin Land Cruiser suna da na'urar da ke jin kaɗawar tirela ta kama birkin tayoyin mota ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai ƙarfen hana lilo da ake sayarwa daban a ɗaura tsakanin mota da tirela. Ban raina su ba, amma na ga mutanen da suka sa irin wannan ƙarfe suka ɗauka sun sami lasisin gudu, alhali abin da yake yi shi ne rage ƙananan kaɗawa, ba gyara kayan da aka loda ba daidai ba.

Gudu shi ne uban tafiyar. Kowace mota da tirelarta suna da wani gudu da idan an haura shi lilo ba ya mutuwa da kansa, ƙaruwa yake yi, kuma gangara da iskar hunturu da ke bugowa ta gefe a filayen da ke tsakanin Kano da Katsina suna sauko da wannan iyaka ƙasa. A Birtaniya doka ta tsayar da mai jan tirela a mil 60 a manyan hanyoyi da mil 50 a hanya mai falle ɗaya, wato kusan kilomita 96 da 80. Ni da dawaki a baya ba na wuce 80 ko da hanya ta yi kyau, kuma nakan rage gudu in sauya giya kafin in fara gangara, ba a tsakiyarta ba. Akwai masu cewa idan tirela ta fara lilo a ƙara wuta za ta miƙe. Wannan shawara ta halaka dukiya da yawa, domin motar da ke jan tan biyu ba ta da ƙarfin fizgar da zai miƙar da ita nan take, abin da zai faru kawai shi ne hatsarin ya same ka a gudun da ya fi na da. Dole kuma a tuna cewa doki kaya ne mai rai, nauyinsa yana sama a kan dogayen ƙafafu, kuma duk birkin da aka taka da ƙarfi ko kwanar da aka sha da sauri sai ya yi taku ya gyara tsayuwa, takun nan kuma tirelar tana jinsa.

Wani abin da na ga ana kuskure a kai shi ne ɓangaren da ake sa doki idan shi kaɗai ne. Littattafan Birtaniya suna cewa a sa shi a dama, saboda su a hagu suke tuƙi kuma damansu ce ke kusa da tsakiyar hanya, inda kwalta ta fi tudu. Mu tun 1972 muka koma hannun dama, saboda haka a nan doki ɗaya, ko wanda ya fi nauyi cikin biyu, a hagu yake tsayawa. Idan aka sa shi a dama, nauyinsa da gangaren gefen titi sukan haɗu su rinjayi tirelar zuwa rami, musamman inda bakin kwalta ya zaizaye.

Inda tirelar ta nuna cewa ba don ƙasarmu aka yi ta ba shi ne zafi. Tagoginta da hujin iskar rufinta sun wadatar a ƙasar da ake fama da sanyi da yayyafi, amma a watan Afrilu, idan aka tsaya a cunkoson Kwanar Dangora ko shingen bincike, cikinta yakan ɗauki zafi cikin mintuna kaɗan. Nakan bar ƙofofin saman baya a buɗe a ɗaure, in tashi da asuba, in tsaya duk bayan awa biyu ko uku a ba su ruwa. Kayan gyara ma sai an yi tanadi, domin takalman birki da wayoyinsa da bodin taya ba a samunsu a kowace kasuwa, kuma gara a sa a cikin kaya tun lokacin da ake shigo da ita. Wanda zai sayi ta hannu ya duba lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tawa ta zo da tayoyi masu zanen da bai ci ba amma sun haura shekara takwas, dillalin kuma bai ce mini komai ba, sai da na ga tsagewa a gefensu na canza duka har da safaya. A ɗaga robar ƙasa a duba daben, a gwada wayar da ke kama birki idan tirela ta ɓalle daga mota, a kuma tabbata soket ɗin fitilu ya dace da na motar, tun da akwai mai ƙafa 7 akwai mai 13.

Kuɗinta da na shigo da ita ba kaɗan ba ne, kuma wanda ke kai dawaki shida ko takwas gasa ba za ta raba shi da babbar mota ba. Haka nan ba ta dace da wanda motarsa ƙarama ce ba. Land Cruiser irin tawa an yarje mata jan kilo 3,500, don haka tana da rarar ƙarfi da nauyin da za ta rinjayi tirelar, amma na ga wanda ya ɗaura irinta a bayan ƙaramar jif, kuma ko daga nesa ana ganin tirelar ce ke juya motar. Ga mai doki ɗaya ko biyu da ke da motar da ta isa, wanda kuma zai iya haƙurin isa Katsina awa guda bayan abokan tafiyarsa, ina ba da shawarar sayenta ba tare da wata tantama ba. Goɗiyar nan da ta ji rauni a gingimari, wadda da sai mutum huɗu sun taru kafin ta hau mota, yanzu yaro ɗaya ne ke riƙe ragamarta ta taka gangarar ta shiga.