Tsakanin Makka da Madina: Ka Tuƙa da Kanka, Ka Ɗauki Direba, Ko Ka Hau Bas?

Wanda ya tafi Umra da kansa, ba a ayarin kamfani ba, yana sauka Jidda zai fara lissafin mota. Daga Makka zuwa Madina tafiyar kusan kilomita 450 ce, kuma abin hawan da ya dace da saurayi mai jaka ɗaya zai iya wahalar da mai tafe da mahaifiyarsa. Don haka kafin ka tambayi farashi, dubi wanda ya fi kowa rauni a cikinku.

Bas ya fi komai sauƙin kuɗi. Manyan motoci ne masu na'urar sanyi, irin na kamfanin sufuri na SAPTCO, kuma akwai wurin zuba kaya a ƙasansu. Sai dai za ka yi awa 5 zuwa 6 a hanya, a tsaya inda direba ya ga dama, kuma tasha ba a ƙofar masaukinka take ba. Matashi ko ma'aurata marasa yara, wannan ya ishe su.

Hayar mota ka tuƙa da kanka kuwa tana da daɗin ji a baki. Hannun dama ake bi kamar a Najeriya da Nijar, tituna lafiya lau, mata ma suna tuƙi tun 2018. Amma kamfanonin haya kan nemi lasisin ƙasa da ƙasa da katin banki da za su riƙe kuɗin ajiya a kansa. Kyamarorin Saher masu kama masu karya dokar tuƙi na kan hanya, tara tana hawa kanka ba tare da ɗan sanda ya tsayar da kai ba. Babbar matsalar ita ce wurin ajiye mota kusa da Harami, musamman a Ramadan. Ka yi ɗawafi da sa'ayi cikin dare, ƙafa ta yi tsami, sannan ka kama sitiyari a doguwar hanyar hamada mai sa gyangyaɗi? Ni ban ba kowa wannan shawarar ba, sai wanda ya san ƙasar.

Mai iyali, direba ya fi masa. Daga ƙofar otal zuwa ƙofar otal, a naɗe keken Hajiya a sa a bayan mota, in yaro ya ce fitsari a tsaya. In ku biyar ne ko shida kuka raba kuɗin, bambancinsa da bas ba ya da yawa. Ga kuma miƙati: mai fitowa daga Madina da niyyar Umra a Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, yake ɗaukar harami, direbanka zai jira ka yi wanka, ka yi nafila a natse, babu mai danna maka ham. Shi ne kuma zai kai ka Uhudu da Ƙuba, ko ku ratsa ta Badar, ko ku hau dutsen Hada zuwa Ɗa'ifa. Akwai Hausawa da suka yi zamani a garuruwan biyu, ba wuya ka samu direba mai jin harshenka. Amma jin Hausa ba ya maye gurbin ciniki. Ku tsayar da magana tun kafin a ɗora kaya: riyal nawa, na mota ne ko na kowane kai, wuraren tsayawa nawa, jira na cikin kuɗin ko a'a. Ka ga motar da idonka, ka duba tayoyi da sanyinta, kada ka biya duka sai an isa.

Kada kuma ka manta da jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018. Yana gudun kilomita 300 a awa, cikin awa biyu da rabi ka isa. Yana da iyaka kan kaya, kuma ba ya tsayawa a miƙati, sai ka sa haraminka tun kafin ka shiga. Tafiyar farko, kaya ba nauyi, jirgin ya fi. Ranar komowa da akwatunan tsaraba da kwalin dabino, nemi direba ko bas.