Kwandon shuka a bakin akwatin kifi: hidimar wani shago a Jidda da iyakar amfaninta

A kudancin Jidda akwai wani shagon kifin ado da Hausawan unguwanninmu suka saba da shi, wanda a 'yan watannin nan ya ƙara wata hidima a kan sayar da kifi da abincinsu. Suna rataya dogon kwandon roba a bakin akwatin gilashi ta baya, su cika shi da ƙananan dunƙulen gasasshen yumɓu, sannan su dasa shuke-shuken cikin ɗaki yadda saiwoyinsu za su sauka cikin ruwa, ganyen kuma ya tsaya a sarari. Abin da suke faɗa wa mai saye shi ne shukar za ta shanye sinadarin naitiret da ke taruwa a ruwan, har ya huta da wahalar canjin ruwa. Na biya aka yi mini aikin a akwatina mai cin lita 200, wanda jajayen kifin nan da ake kira golfish suke ciki, kuma ra'ayina bayan shukar ta kama ta yi yaɗo shi ne kayan nagari ne, aikin yana da tsabta, amma alƙawarin ya zarce abin da ganye zai iya ɗauka.

Sai an san inda naitiret yake fitowa kafin a auna gaskiyar maganar. Kifi yana fitar da amoniya a numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa ma yana ƙara ta, kuma ita guba ce ko da kaɗan ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a soson matatar ruwan akwatin da jikin tsakuwa su ne suke mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da naitirait ɗin naitiret. A nan aikin matatar yake tsayawa. Naitiret ba ya kisa nan take, amma ba ya tashi da tururi, kullum ƙaruwa yake yi, kuma idan ya yi yawa na tsawon lokaci kifi yakan rage kuzari, ciwo ya riƙa kama shi da sauƙi, gansakuka kuma ta rufe gilashi. Masu kiwon kifin ruwan daɗi sukan so kada ya wuce miligiram 40 a kowace lita, wasu ma sun fi son ya tsaya ƙasa da 20. Ita kuwa shuka, naitiret abincinta ne, domin shi ne dai abin da manomi yake nema a takin zamani, har ma takan ɗauki amoniyar tun kafin bakteriya su taɓa ta. Saboda haka tushen dabarar shagon daidai yake, babu yaudara a cikinsa.

Wanda aka turo mini gida wani matashi ne haifaffen Makka, Hausarsa gauraye da Larabci, kuma ya san aikinsa. Ya zo da shukar nan mai yaɗo da ganye kamar zuciya, wadda masu sayar da furanni a nan suke kira butus, sunanta na kimiyya kuma Epipremnum aureum. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tumɓuko ta daga tukunya ya tsoma a ruwana ba. Rassa ya kawo waɗanda aka yanka a ƙasan gaɓa aka ajiye a ruwa a shago har suka fitar da farar saiwa mai tsawon ɗan yatsa. Ya wanke dunƙulen yumɓun a bokiti har jan ƙurar ta daina fita, ya jera rassan yana tabbatar da cewa gaɓa ɗaya ko biyu ce kawai a cikin ruwa, ya tsinke duk ganyen da zai nutse. Da na tambaye shi dalilin wannan taka-tsantsan sai ya ce, "Kawu, ƙasar tukunya akwai taki a ciki, kuma masu gonar furanni suna zuba maganin ƙwari da ke shiga jikin shukar. In ya sauka a ruwa, jatan lande ne za su fara mutuwa in akwai su a akwatin, kifin ma ba zai ji daɗi ba." Maganarsa gaskiya ce, kuma wannan kulawar ita kaɗai ta isa a ce kuɗin aikin bai tafi a banza ba. Kwandon ma an yi tunani a ƙirarsa, domin yana da raga ta ƙasa da ke kare sabuwar saiwa, ga shi golfish ba ya ganin abu mai laushi ya ƙyale.

Dalilin da ya sa aka fi son shukar ɗaki a kan ciyawar cikin ruwa shi ne ganyenta a iska yake, inda iskar kabon da shuka take gina jikinta da ita take wadace, alhali a cikin ruwa ƙarancinta ne yake daƙile girma. Ga haske kuma yana samunta kai tsaye. Don haka ta fi saurin girma, kuma girman nan shi ne dukan zancen, domin shuka ba ta tace ruwa kamar matatar akwatin, iyaka tana ɗaukar abin da take bukata ta yi sabon ganye da sabuwar saiwa. Ranar da ta tsaya cak, ranar ta daina rage komai.

A nan ne na rabu da mai shagon, kuma lissafin ba mai wuya ba ne. Abincin kifi na gwangwani yakan ƙunshi furotin kimanin kashi 40 cikin ɗari, shi kuma furotin kimanin kashi 16 cikin ɗarinsa naitirojin ne, wato sinadarin da ke cikin amoniya da naitiret. Giram ɗaya na abinci ke nan yana ɗauke da naitirojin wajen miligiram 64, kuma babban kifin da ya gama girma yana mayar da mafi yawansa cikin ruwa. Idan ya rikiɗe ya zama naitiret nauyinsa yakan ninka fiye da sau huɗu, sai a tashi da sama da miligiram 200 daga giram ɗaya tak. Wanda yake zuba giram 2 kullum a lita 200 yana ƙara kimanin miligiram 2 a kowace lita a kowace rana. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ɗanyen ganye kusan kashi 90 cikin ɗarinsa ruwa ne, busasshen da ya rage kuma naitirojin ɗinsa bai wuce kashi 3 ko 4 cikin ɗari ba. Idan aka haɗa, sai shukar ta yi sabon tsiro mai nauyin kusan giram 200 a kowane mako kafin ta cinye abin da kifin suke zubarwa. Rassa biyar ko shida da ke cikin kwandon ba za su yi wannan ba, musamman a makonnin farko da suke fama da kafa saiwa. Canjin rabin ruwa kuwa yana raba naitiret biyu cikin rabin sa'a, da tiyo da bokiti kawai.

Abin da na gani a kwalbar awon naitiret ya dace da wannan lissafi. Da farko babu wani sauyi da ido zai kama. Sai da saiwoyin suka fito ta ragar suka yi gemu a bayan akwatin, yaɗon kuma ya fara hawa bango, sannan launin awon da a da yake kaiwa ja sosai kafin ranar canjin ruwa, wajen miligiram 80 a kowace lita, ya koma tsayawa a kusa da 40. Gansakukar gilashi ta ragu a fili. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mai golfish, kifin da ya shahara da ci da ɓata ruwa, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai. Amma canjin ruwa bai tashi daga wuyana ba, tazararsa ce kawai ta ɗan ƙaru. Mai ƙananan kifi kaɗan a babban akwati zai ga fiye da abin da na gani.

Rauni mafi girma a kayan shi ne fitilar da suka haɗa da su. Gidajenmu a nan labule a sauke yake yini guda saboda zafin rana, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, hasken falo kuma bai taka kara ya karya ba. Butus tana jure duhu, shi ya sa ake ganinta a ofisoshi, amma jurewa daban, girma daban. Fitilar shagon ƙarama ce, ta fi kama da ta ado, kuma sai da na sauya ta da mai ƙarfi irin ta shuka, ina barinta a kunne sa'o'i 8 zuwa 10, sannan sabbin ganye suka fara fitowa a kai a kai. Ya kamata su sayar da wadda ta dace ko da kuɗin zai ƙaru, tun da a kan haske dukan hidimar ta dogara.

Akwai kuma batun ruwanmu. Yawancin ruwan Jidda daga teku ake tace shi, a tashoshi irin na Shu'aiba, kuma ba shi da yawan ma'adinai. Bayan wani lokaci sabbin ganye suka fara fitowa fari-fari, jijiyoyinsu kawai ke kore, wanda alama ce ta ƙarancin ƙarfe. Shukar da ta rasa ƙarfe ko fotasiyam takan tsaya, ko da naitiret ya cika ruwan. Shagon yana da ruwan takin da aka yi don akwatin kifi, wanda babu naitirojin a cikinsa, kuma ya yi magani, sai dai ba a ambata mini shi ba sai da na koma da tambaya. Haka nan shukar tana shan ruwa, sanyin ɗaki ma yana busar da shi, don haka za a riƙa cikawa fiye da da. Cikawa ba canji ba ne, domin naitiret ɗin yana nan inda yake, kuma ruwan famfo yana bukatar maganin kulorin kafin ya shiga.

Suna ba da zaɓin wasu shuke-shuke, kamar mai farar fure da ake kira Spathiphyllum da kuma karan nan mai kama da gora, Dracaena sanderiana. Na biyun yana da kyan gani amma girmansa a hankali ne ƙwarai, don haka ado ne kawai. Abin da ya fi su duka sauri ba ya cikin shagon, a kasuwar kayan miya yake, wato dankalin Hausa. Idan aka tsoma gindinsa kaɗai a ruwa yakan fitar da saiwa da yaɗo cikin ɗan lokaci, kuma da rassan sun yi tsawo sai a yanke su a dasa a kwandon, a cire dankalin kafin ya ruɓe.

Abu biyu nake fata mai shagon ya gyara, kuma na faɗa masa baki da baki. Na farko, butus da Spathiphyllum suna da sinadarin okzalet a ganye da kara, wanda yake ƙona baki da maƙogwaro idan yaro ko kyanwa ta tauna. Yaɗon yana sauka har inda hannun mai rarrafe zai kai, kuma gidajenmu cike suke da 'ya'ya da jikoki, amma babu gargaɗi ko a baki ko a takarda. Ni na ɗaure nawa sama da ƙananan ƙugiyoyi a bango. Na biyu, ba a haɗa kayan awon naitiret a cikin hidimar ba, alhali ba tare da su ba mai saye ba shi da hanyar sanin ko shukar tana aiki, sai ya dogara da hasken ruwa, kuma ruwa yana iya zama garau naitiret na cike da shi. Na kamfanin API da nake amfani da shi yana nan a kan kantarsu, kuma yana bukatar a koya wa mutum yadda ake yi, domin a cikin kwalaben maganin awon guda biyu, ta biyun sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30, a girgiza bututun gwajin minti ɗaya, a jira minti 5 kafin a gwada launi da katin launukan da ke cikin kayan, in ba haka ba zai nuna adadin da bai kai na gaskiya ba. Matashin da ya yi mini aiki ya san duk wannan, kuma minti goma sun ishe shi ya nuna wa kowane mai saye kafin ya tattara kayansa ya bar gidan.