Dala 41,000 na biya kuɗin motar Charger R/T, aka kawo mini ta bogi

Jama'a, kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai zan faɗa. Dala 41,000, gumin shekara huɗu ina jan tirela tsakanin Houston da Dallas, na tattara na miƙa wa wani mara tsoron Allah a jihar Tennessee, wai na sayi motar Dodge Charger R/T ƙirar 1969, wato samfurin Charger mai babban inji.

Kada ma wani ya ce ban san mota ba. Tun ina yaro a Kano nake yanke hotunan motocin nan daga tsofaffin mujallu. Na san 'yar 1968 fitilun bayanta zagayayyu ne, 'yar 1969 kuwa dogaye ne kuma hancinta a rabe yake gida biyu. Na san R/T ta gaskiya da injin 440 Magnum take fitowa daga kamfani, ƙarfin doki 375, sai wanda ya ƙara kuɗi a sa masa 426 Hemi. Na san lambar chasis ɗinta da XS29 take farawa, ta Charger gama-gari kuma XP29. Harafi na biyar shi ke faɗin injin: L na 440, J na Hemi, F na ƙaramin 318. Duk na haddace su kamar karatun allo. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Mun yi waya ta bidiyo da mai sayar da motar. Wannan wayar nake ta maimaitawa a raina ko barci na kasa. Dattijo ne, gemu fari tas, magana a natse, ya ce motar ƙanensa ce da ya rasu, ba ya son ganinta a gareji. Ya buɗe bonet, ya tada ta, ƙarar nan ta cika mini kunne, 440 ne babu shakka. Ya zagaya ya nuna mini tambarin R/T, ya nuna baƙin zanen da ya naɗe gindinta. Na ce masa ya matso da wayar jikin gilashin gaba in karanta lambar da ke kan dashbod. Yana matsowa layi ya yanke. Minti biyu sai ga hoto ya turo: XS29L9B, tar da ita. Na ce alhamdulillahi. Me ya hana ni sake kira in ce sai na gani yana riƙe da wayar? Minti biyu! Da na sake kira da dala 35,000 na nan a asusuna.

Af, kafin wannan ma na riga na tura kafin alƙalami, dala 6,000, don ya ce wani zai zo daga Atlanta ranar Asabar da kuɗi a hannu. Ko bayan wayar ne na tura? A'a, kafin ne, ranar Laraba. Ragowar 35,000 kuma ta banki, kai tsaye, irin turawar da ba ta dawowa. Takardar mallakar mota ya turo hotonta dishi-dishi, ya ce wayarsa ce ta tsufa, asalin takardar zai sa mini a aljihun mota. Yayana da na gaya masa ya ce, "Kai dai ka hau jirgi ka gani da idonka." Na ce, "Yaya, na ga lamba, lamba ba ta ƙarya." Kuɗin jirgin nan bai kai dala 400 ba. Na yi rowar 400, na zubar da 41,000.

Ranar da mai dako ya sauke ta a ƙofar gida har maƙwabta suka fito kallo. Na leƙa gilashin gaba don kawai in ji daɗi. XP29F. Na goge gilashin da hannun riga na sake dubawa. XP29F. Takardar da ke aljihun mota ita ma haka. Ƙaramin farantin da ke cikin bonet gefen direba, wanda ya kamata in ga E86 a jikinsa, alamar 440 ɗin R/T, babu shi kwata-kwata, sai ramukan kusoshi biyu. Bakaniken da na kai wa ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya fito ya ce 440 ne kam, amma na shekarun 1970 ne, irin wanda ake cirewa daga tsofaffin motocin nan masu ɗaki a ciki, lambarsa ba ta da alaƙa da motar. Tambarin R/T da zanen baya kuwa sababbi ake sayar da su, kowa zai iya saya ya manna. Ya danna ƙasan but da sukudireba, sai ta huda. Tsatsa ce aka shafe da fenti.

Hoton lambar nan daga baya na gano shi a tallan wata mota daban da aka sayar tuntuni. Ya sauke ne kawai ya turo mini. Lambar wayarsa yanzu a kashe, tallan ya ɓace. Banki sun ce ni na tura da hannuna. Na kai ƙara wurin 'yan sanda, an ba ni lambar fayil, ina jira. Duk saƙonninmu suna wurina, da rasit ɗin 6,000 da na 35,000, da hotunan lambobin biyu gefe da gefe. Zan ɗora su da zarar lauya ya ce babu laifi.

Wasu za su ce ai araha ce ta ruɗe ni. E, na san R/T mai kyau ta fi haka tsada nesa ba kusa ba, amma ya ce tana bukatar aikin ciki da fenti, farashin bai yi kama da na damfara ba. Ba wauta na yi ba, yarda na yi da furfura.

In za ku saya, kada ku karɓi hoton lamba. Ku je, ko ku biya mai duba mota ya je, ya haɗa lambar dashbod da ta takarda da ta jikin injin. Kada ku tura sisi kafin nan.

Motar tana gareji na lulluɓe ta da tamfol. Matata ta tambaye ni jiya yaushe za mu fita da ita, na ce mata birki ake gyarawa.