Gargaɗi: tocilar "lumen 100,000" da batirin 9,900mAh duk damfara ce

Jama'a, a yi hattara da wata damfara da ta daɗe a shafukan saye da sayarwa na intanet, yanzu kuma ta cika Facebook da TikTok da talla. Za a nuna maka wata 'yar baƙar tocila, tsawonta da kaɗan ya wuce tafin hannu, a ce haskenta ya kai lumen 100,000, wasu ma ba kunya su rubuta 990,000. Sai bidiyo ya biyo baya: mutum tsaye cikin duhun dare, ya danna maɓalli, dutsen da ke can nesa ya haskaka tas. A ƙasa an rubuta wai irinta sojoji ke riƙewa, wai an yi ragi mai yawa, wai guda bakwai kawai suka rage, ga agogo yana ƙirga mintunan da suka saura kafin ragin ya ƙare. Rufe shafin ka sake buɗewa gobe, za ka tarar da agogon ya koma farko, guda bakwai ɗin nan kuma suna nan ba su ragu ba. Idan ka biya, sau da yawa tocila za ta iso, za ta ma kunnu. Shi ya sa damfarar ke da tsawon rai: wanda aka cuta ba ya sanin an cuce shi.

Lumen shi ne ma'aunin jimillar hasken da fitila ke fitarwa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800. Ƙwan fitilar gaban mota irin na halojin guda ɗaya yana ba da tsakanin 1,000 zuwa 1,600. Ke nan mai tallar nan yana gaya maka ne cewa abin da za ka sa a aljihu ya fi fitilun motoci talatin haske, kuma da batir ɗaya tal.

Mu yi lissafin da yake fata ba za ka yi ba. Farin ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 100 zuwa 200 a kan kowane wat, kuma da zarar an matsa masa ya yi zafi, abin da yake bayarwa a kan kowane wat raguwa yake yi. Mu ɗauki 150. Kafin a samu lumen 100,000 sai an zuba masa wutar da ta kusa wat 670. Batirin da ke cikin irin waɗannan tociloli shi ne samfurin da ake kira 18650, kuma mai kyau a cikinsu kusan wat 13 na awa ɗaya yake riƙewa. Ko da a ce zai iya sakin wutar duka a lokaci guda, cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu zai ƙare. Ba ma zai iya ba, domin sai ya fitar da amfiya (ma'aunin kwararar wuta) sama da 180, alhali masu ƙarfin cikinsu a wajen 30 suke tsayawa. Ita kuwa mai 990,000, ko a takarda ba ta yiwuwa da irin wannan batir: iyakar da kimiyya ta sani ita ce lumen 683 a kan kowane wat, shi ma a koren haske zalla, ba fari ba, ke nan ko a kan wannan iyakar sai ta ci wat sama da 1,400.

Tocila mai lumen 100,000 ta gaskiya akwai ta, kuma ganinta kaɗai ya isa ya tona asirin ta bogi. Imalent MS18 tana da ƙwayayen LED 18, da batura takwas samfurin 21700, da fankoki a ciki masu hura mata iska, nauyinta ya kusa kilo biyu. Duk da haka, kusan minti ɗaya take yi a kan wannan ƙarfi sai ta sauka da kanta saboda zafi. To ina ga wadda ba ta kai nauyin wayar hannu ba?

Abin da ke cikin ta bogin, idan ka leƙa ta gilashin, ƙwan LED ɗaya ne ƙarami. A kwali sukan rubuta "XM-L T6", sunan wani ƙwai na kamfanin Cree wanda ya yi tashe shekaru da dama da suka wuce. Na asalin ma, idan an matsa masa har iyakarsa ta wat 10, kusan lumen 1,000 yake bayarwa. Galibin waɗanda ake sakawa a tocilolin nan kwaikwayo ne, kuma 'yan ɗaruruwan lumen suke fitarwa, da wani haske mai shuɗi-shuɗi da ke kashe ido yana ɓata launin komai. Ido yana ɗaukar wannan shuɗin a matsayin ƙarfi, shi ya sa suke zaɓensa.

Akwai kuma dabarar kan tocilar, wanda ake ja gaba a tura baya. Idan ka ja shi, hasken ya tattaru wuri ɗaya ya zama ɗan murabba'i a bango, har kana ganin zanen ƙwan a jikinsa. Mai saye sai ya ga wannan tabon ya kai nesa, ya ce lallai abin na da ƙarfi. Gaskiyar ita ce a daidai wannan lokacin babban kaso na hasken yana maƙale cikin bututun, bai fito ba. Kai wa nesa daban, yawan haske daban. Ga shi kan da ke zamewa yana shaƙar ƙura da ruwa duk lokacin da aka ja shi, amma a kwali an rubuta ruwa ba ya shigarta. Shi kuwa bidiyon tallar ba hujja ba ne ko kaɗan, domin kyamara na buɗe idonta a duhu, ta mayar da ɗan haske ya zama mai yawa.

Duk wannan asarar kuɗi ce kawai. Inda abin ya zama haɗari shi ne batir, kuma a nan ne ake kama mai son ƙara wa tocilarsa ƙarfi. Ka sayi tocilar, ka ga ba ta kai awa ɗaya ba ta dushe, sai ka koma neman batir "babba". Suna nan suna jiranka da 18650 mai launi mai ɗaukar ido, an buga masa 9,900mAh, wani 12,000mAh (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa). Babu irin wannan batir a duniya. Lambar 18650 girmansa take faɗa, faɗi milimita 18, tsawo milimita 65, kuma abin da zai shiga wannan gwangwani yana da iyaka. Manyan masu ƙera shi, irin su Panasonic da Samsung da LG da Murata da Molicel, a wajen 3,500mAh nasu ke tsayawa. Ko babban yayansa 21700, a wajen 5,000mAh aka fi samunsa. Duk wanda ya rubuta maka ninki uku na abin da waɗannan kamfanoni suka iya, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Ɗora shi a kan ƙaramin sikeli. Batirin 18650 na ƙwarai yana da nauyin giram 45 zuwa 50. Na jabu sau da yawa bai kai giram 35 ba, ka ɗaga shi ka ji shi sakayau. Masu yanka irin waɗannan batura don bincike sun sha tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki an haɗa shi da waya, sauran wurin fanko, ko an cika shi da yashi ko wani gari don nauyi ya cika. Saboda haka rashin nauyi shaida ce ta jabu, amma cikar nauyi ba shaidar gaskiya ba ce. Wani nau'in kuma tsoffin batura ne da aka ciro daga matattun kwamfutocin tafi-da-gidanka, aka ɓare musu tsohuwar riga aka sa sabuwa. Duba gindinsa da kansa: idan ka ga ɗigo-ɗigon walda ko alamar an goge da abin kankara, ya taɓa aiki a wani wuri. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin ba ka san irin wahalar da ya sha ba kafin ya zo hannunka.

Batirin litiyom ba ya yafe ganganci. Cikarsa bolt 4.2 ne, kuma bai kamata a zuƙe shi ya sauka ƙasa da 2.5 ba. Idan caji ya wuce iyaka, ko cikinsa ya lalace, ko kansa da gindinsa suka haɗu ta jikin ƙarfe, zafi ne zai fara haifar da zafi har ya fashe da wuta, wutar da ba ta mutuwa da sauƙi. 'Yar cajar robar da suke haɗowa "kyauta" ita ce abokiyar ɓarnar, domin wasu ba sa yanke wuta idan batir ya cika, fitilarsu dai ta koma kore alhali wuta na ci gaba da shiga. Tocilar kanta ba ta da abin da zai kashe ta idan batir ya yi ƙasa sosai. Ka haɗa ukun nan, batir na jabu da caja marar birki da tocila marar kariya, ka jona su ka kwanta barci. A watan Janairun 2021 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta fitar da gargaɗi ga jama'a kan saye da amfani da baturan 18650 da ake sayarwa warwatse ba tare da kariya ba, saboda gobara da raunukan da suke jawowa.

Wasu tocilolin ana haɗo su da ɗan kwandon da ke ɗaukar ƙananan batura uku samfurin AAA, waɗanda ba su kai 18650 ƙarfi ba, amma lambar lumen ɗin da ke kwali ba ta canja ba. Wannan kaɗai abin dariya ne.

Ta wajen biyan kuɗi ma akwai tarko. Shafukan tallar nan sukan sa alama da kansu a kan ƙarin kaya, batir na biyu ko garantin da ba wanda zai cika, sai ka duba jimilla da kyau kafin ka gane. Ba adireshi, ba lambar waya da ake ɗauka, kuma sharhin yabon da ke ƙasa duk salon magana ɗaya ne. Bayan 'yan watanni shafin ya ɓace, tocilar nan dai ta sake fitowa da sabon suna da sabon bidiyo. Ɗauki hoton tallar ka sa a manhajar bincike da hoto, za ka ga abu ɗaya da sunaye barkatai.

To mene ne abin dubawa ga mai neman tocilar amfanin yau da kullum? Tun 2009 akwai ƙa'idar gwaji da ake kira ANSI FL1. A ƙarƙashinta ana auna lumen ne bayan daƙiƙa 30 da kunnawa, ana ƙirga tsawon aikin batir har zuwa lokacin da haske ya sauka zuwa kashi 10 cikin ɗari na farkonsa, nisa kuma har inda hasken ya ragu zuwa lus 0.25 (lus ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu ne), wato kamar na farin wata a daren sha huɗu. Ka lura, ko a nan "awa huɗu" ba ya nufin awa huɗu da cikakken haske. Kuma bin ƙa'idar ba dole ba ne, ɗan damfara na iya kwafe tambarinta ya manna a kwali. Abin da ba ya iya jurewa shi ne bayani dalla-dalla. Kamfanin kirki zai faɗi sunan ƙwan da ya sa, kamar Nichia 519A ko Luminus SST-40, ya faɗi lumen da tsawon lokaci na kowane mataki, ya faɗi mintunan da mataki mafi ƙarfi ke yi kafin ya sauka. Zancen ruwa kuma lamba ce: IPX4 fantsama kawai take jurewa, IPX7 nutsewa ce a zurfin mita ɗaya na minti 30. Mai cewa "ruwa ba ya shiga" ba tare da lamba ba, baki kawai ya ba ka.

Ni a ganina tseren lumen ɗin ma shi ne ya buɗe wa mazambata ƙofa. Neman abu a ƙarƙashin gado ko karanta rubutu a duhu, lumen 5 zuwa 30 sun wadatar. Tafiya a hanya da dare, 100 zuwa 300. Lumen 1,000 na gaskiya haske ne mai yawa ƙwarai, kuma ƙaramar tocila ba ta daɗewa a kansa ba tare da ta yi zafi a hannu ba. Idan kana son ci gaba daga wadda kake riƙe da ita, ka nemi mai ƙaramin mataki na sosai wanda ba zai tashi mai barci ba, mai riƙe haske daidai har batir ya kusa ƙarewa, mai launin haske tsaka-tsaki, wajen 4,000K zuwa 5,000K, wanda zai bar ka ka bambance jar waya da ruwan ƙasa. Ka guji wadda sai ka bi ta kan walƙiya da SOS kafin ka kashe ta, wannan tsarin kusan tambarin kayan araha ne.

Idan kuwa ta riga ta shigo hannunka, ga gwaji mai sauƙi. Shiga ɗaki ka kashe fitilu, ka tura kan tocilar ya buɗe gaba ɗaya, ka haska rufin ɗakin, ka dubi yadda ɗakin ya yi haske, ba tabon da ke sama ba. Sai ka kashe ta ka kunna ƙwan ɗaki wanda aka rubuta lumen 800 a jikinsa. Idan ƙwan ya fi ta, ka sami amsarka. Ɗauki hoton tallar da na kwalin da na batirin a kan sikeli, ka kai ƙara a shafin da ka saya, ko wurin bankin da ya ba ka katin, tun wa'adin mayar da kaya bai wuce ba.

Tocilar kanta kana iya ci gaba da amfani da ita idan ka sa mata batir na ƙwarai mai kariya a jikinsa, daga mai sayarwa da aka sani. Batirin da cajar da suka zo da ita ne ba za su zauna a gida ba. Kada ka sa batirin a aljihu tare da makullai ko tsabar ƙarfe, kada ka jefa shi a wuta ko cikin shara. Manne kansa da gindinsa da salatif, ka ajiye shi nesa da abin da ke kama wuta, har ka kai shi inda ake karɓar matattun batura.