Sharhi kan littattafan hoto na 'yan nazare: kishin ƙani, ƙiwa, fushi da tsoro

Littattafai 4 ne a ɗauri guda, da Hausa, kowanne shafi 16, an yi su don yara 'yan shekara 3 zuwa 5. An karanta su zango guda a ajin nazare a nan Katsina, kuma ba duka ne suka yi daidai ba.

Wanda ya fi kowanne shi ne na yaron da aka yi wa ƙanwa. Ranar suna, gida cike da mata, kowa na karɓar jaririya, shi kuwa yana raɓe a bakin ƙofa da tsohon zanen goyonsa a hannu. Ya koma tsotsar yatsa, har da fitsarin kwance. Babu wanda ya ce masa "kai babba ne, ka ji kunya". Kakarsa ce ta zaunar da shi a cinya ta ce: "Haushi kake ji ko? An karɓe maka bayan Mama." Nan amfanin littafin yake. Yaro a wannan shekarun abu na cin ransa tun bai san sunansa ba, shi ya sa yake fitowa ta birgima da cizo da shure-shure. Da zarar ya ji babba ya faɗi abin da baki, sai ka ga ya fara faɗa da kansa. Yaran da ake goyo a gidansu su ne ke neman a maimaita shi.

Na ƙiwar ranar farko a makaranta ba laifi, ya nuna uwa tana sallama a fili maimakon ta sulale.

Na fushi ne ya yi gaggawa. Yaro ya jefar da kwano a shafi na 10, a na 12 har ya ba da haƙuri. An tsallake matakin da ya fi muhimmanci: kuka, rarrashi, hucewa, sannan magana. Malama sai ta tsaya nan ta cike gurbin da tambaya: "Wa ya rarrashe shi? Ina ya zauna har ya huce?" Na tsoron duhu kuma an zana Dodo da haƙora cike da shafi. Ɗan shekara 3 bai gama rarrabe hoto da gaskiya ba, don haka a bar wa 'yan shekara 5.

Wajen karantawa, yara 8 zuwa 10 a kan tabarma sun isa, kada a wuce minti 10. A buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", a nuna fuskar yaron a hoto kafin a karanta rubutu. Littafi ɗaya a yi ta maimaita shi kwana 3 ko 4. Kada a ɗauko shi lokacin da yaro ke tsakiyar rigima, ba zai ji komai ba.

Ɗinkin ne matsala. Ƙarfe biyu ne kawai ke riƙe da tsakiya, shafin ciki na saurin cirewa, bangon kuma yana nannaɗewa da hunturu. A ɗinke tsakiyar da allura da zare tun kafin a miƙa wa yara, a bi bayan bangon da salatif. A wasu shafuka an bar ƙ da ɗ ba lanƙwasa, sai a gyara da biro. Mai sayen ɗaya kawai, ya ɗauki na ƙanwar.