Farin kicin ɗina bayan damina biyu: inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu da inda ba ta biya ba

Ranar da kafintoci suka kwashe kayan aikinsu suka fita, ko ruwan shayi ban ɗora a kicin ɗin nan ba sai da na ɗauki hoto ya fi ashirin. Fari tas daga sama har ƙasa, ƙofofin kabad suna sheƙi kamar madubi, babu mariƙi ko ɗaya a jikinsu, famfo baƙi wuluk, saman kanta kuma mabul mai ratsin ruwan toka. Na tura wa 'yan gidanmu a WhatsApp, ƙanwata ta rubuto, "Yaya, nan Hotoro ce ko Dubai?" Kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Yanzu damina biyu ke nan ina girki a cikinsa, kuma duk wadda ta shigo sai ta ce in ba ta lambar wanda ya yi min. Kafin in sake ba wata lamba, gara in faɗi abin da na gani.

Hoton a Instagram na samo shi, kicin ɗin wata mata ce a Turkiyya. Na adana shi a waya wata da watanni, har na haddace inda ta ajiye tukunyar fulawarta. Da muka tashi gyaran gida aka haɗa ni da wani kafinta da ke aiki a wajen 'Yan Katako ta Na'ibawa. Ba zan kama sunansa ba, don abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuka. Ya zo da tef ɗin awo a aljihu, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya, wannan girki za a yi a ciki, ko na nuna wa baƙi ne?" Raina ya ɗan sosu. Na ce masa wa ke gina kicin don kallo? Ya ce wallahi suna nan da yawa, ya yi aiki a gidajen da ake yin guda biyu, na gaba don ido, na baya don tuwo. Na ce ni ɗaya gare ni, kuma irin wannan nake so, kar a canza ko ƙusa. Ya ce to, yadda na ce haka za a yi.

Sai maganar allo. Abin da ake kira kabad na zamani ba katakon da muka sani ba ne, alluna ne da ake sayarwa ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, na jikin kabad yawanci kaurin milimita 18. Akwai MDF, wanda garin katako ne aka cuɗa da gam aka matse. Akwai HDF, shi ma haka, sai dai an fi matse shi, ya fi nauyi da ƙarfi. Sai filawud mai jure ruwa, wanda ya fi su tsada. Da yawansu daga waje ake shigo da su, ni kuma aikina ya faɗo a farkon 2024, daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500. Kuɗin da muka yi magana ranar Asabar, kafin wata Asabar ya tashi. Ya dawo ya ce ko in ƙara kuɗi ko a rage nagartar allo. Maimakon in haƙura da ƙofofi masu sheƙi, sai na ce a bar min sheƙina, a sa MDF a ciki, ai ba wanda zai gani. Nan na yanke kaina da wuƙata. Amma shi ma ina ganin laifinsa, don ya san ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba wurin MDF ba ne, ya kamata ya tsaya kai da fata a kan wannan ɗin kaɗai.

Wata bakwai aka yi. Mahaɗar bututun da ke ƙarƙashin sinki ta fara ɗiga kaɗan kaɗan, ban sani ba, don bayan robar omo da buhun soso abin yake. Ranar da na janye su na ga allon ya kumbura ya yi laushi kamar burodin da ya faɗa shayi, na danna da yatsa ya lotsa. Ga wari, ga kyankyasai sun samu gari. Allon da ya zagaye ƙasan kabad ɗin ma haka ya yi, saboda mu nan ba goge kicin muke da tsumma ba. Ruwa ake sheƙawa a bi da tsintsiya, musamman ranar da aka gyara kaji ko aka wanke kayan ciki. Matar Turkiyya ba ta sheƙa ruwa, shi ya sa nata yake tsaye.

Farin kuwa, Allah ya ba mai shi haƙuri. Manja idan ya yi tsalle daga tukunya, nan take sai a goge, in ya kwana ya bar shaida. Ƙofofin da babu mariƙi dannawa ake su buɗe, to kina cikin kwaɓin ɗanwake kika tuna kanwa tana sama, da me za ki danna? Gwiwar hannu na koma amfani da ita, wata rana har da goshi. Yaran gidan kuma kowa ya bar hatimin yatsunsa daidai tsawonsa, ina iya gane na auta da na yayarsa. Baƙin famfon ma da na mutu a kansa, ruwan rijiyar burtsatsenmu yana bushewa ya bar masa fari-fari, kullum kamar wanda ya yi wanka bai shafa mai ba.

Abin da ya fi ba ni dariya yanzu shi ne kantocin nan na bango marasa ƙofa, da aka jera wa kwalabe iri ɗaya, kowace da sunan abin da ke ciki. Na sayi kwalaben har dozin biyu. Hunturu yana shigowa, daga Nuwamba har wajen Fabrairu, ƙurar nan mai laushi kamar hoda ba ta san an rufe taga ba. Ki goge da safe, kafin la'asar kina iya rubuta sunanki a kan murfi. Sannan gidan da ake sayo shinkafa buhu mai kilo 50, masara da gero daga Dawanau, me kwalbar da ba ta cin mudu guda za ta yi masa? Daddawa ba ta son idon jama'a, kuka da busasshiyar kuɓewa kuma ba su yi kyau a gilashi ba. Ƙarshenta taliya kawai ke cikin kwalaben, ita ma don kar su zauna haka.

Mabul shi ne asarar da ta fi min ciwo, don shi ya fi cin kuɗi. Ba wanda ya gaya min cewa dutse ne da tsami ke cinsa. Lemon tsami, ruwan tsamiya, tumatir, duk wanda ya zauna a kansa sai ya dusashe masa sheƙi, kuma yana shan launi. A azumin farko na jiƙa tsamiyar kunu a kwano na bari a kai, ta ɗan zuba ta gefe. Har yau zoben gindin kwanon yana nan, na goge da duk abin da aka ce min bai tafi ba. Kusa da shi akwai tabon zoɓo, can gefe na kurkum. Maƙwabciyata giranayit ta sa, mai duhu da ɗigo-ɗigo, wanda a lokacin na raina na ce na tsofaffi ne. Nata ya girmi nawa da shekaru, har tukunya take saukewa a kai, bai nuna komai ba.

Sai tuwo. Tsawon kantar nan wajen santimita 90 ne, haka ake yin su. Ɗora murhun gas a kai, ɗora tukunyar da za ta ciyar da mutum tara, bakin tukunya ya zo min ƙirji, ni kuma ba doguwa ba ce. Tuƙin tuwo da nauyin jiki ake yinsa, daga sama ake danna muciya, ƙafa tana tare da tukunya. A tsaye, hannu a sama, tukunya tana zamewa a kan ƙarfe, sau biyu na gwada kafaɗata ta yi kwana uku tana ciwo. Turmi kuma ranar farko da aka daka yaji a ciki tayil ɗaya ya tsage. Daga nan har zuwa gyaran da muka sake yi daga baya, in kin zo gidana da yamma, a bayan kicin za ki same ni, kan kujera 'yar tsugunno, da ƙaramar tukunyar gas a ƙasa, farin kicin yana ciki yana hutawa. Maganar kafinta ta tabbata, na zama mai kicin biyu ba da niyya ba.

Bangon da ke tsakanin kicin da falo ma na sa an fasa, don a hoton haka yake, uwargida tana yanka albasa tana hira da mutanen falo. Maigidan ya ce, "Kin dai yi tunani?" Na ce na yi. Sati bai cika ba abokansa suka zo gaisuwa, ni kuma ina tsakiyar suya da ɗaurin ƙirji saboda zafin bazara. Sai da na tsuguna bayan kanta ina yi wa yarinya alama ta miƙo min hijabi. Ƙaurin manja da warin kifi kuma suka tare a labule da kujeru, turaren wuta ya yi iya yinsa ya gaji. Na'urar zuƙe hayaƙin da aka sa min ashe ba ta da bututun da ya fita waje, tace iskar take ta dawo da ita ɗaki, wannan ma sai in akwai wuta. Wannan kam laifin mai aiki ne, don bai ce min iri biyu ba ce, kuma bangon waje yana nan kusa, huda kawai za a yi.

Kar a ce ban yaba komai ba. Durowoyi masu zurfi da ya sa a ƙasa maimakon kabad mai ƙofa, wallahi ni'ima ne, ki jawo ki ga tukwanenki gaba ɗaya, ba sai kin durƙusa kina laluben murfi a duhu ba. Ƙarafan da suke gudu a kai masu rufewa a hankali ne, yara sun buga sun gaji ba su lalace ba. Sinki babba mai rami ɗaya yana cin tukunyar biki. Fitilar da ke ƙarƙashin kabad na sama tana haska min tsintar shinkafa. Duk waɗannan ma yayi ne, a waya na gan su, kuma sun karɓe ni. Awonsa daidai, layin ƙofofi ba wanda ya karkace. Ya yi alkawarin sati uku ya yi bakwai, amma da na kira shi kan kumburin allo ya zo har sau biyu bai karɓi kuɗin mota ba, bai kuma ce "ai na faɗa miki" ba, duk da na ga maganar a bakinsa.

Umma ce ta warware min abin da ya dame ni. Ta zo ta same ni ina goge ƙofofi ina mita, ta zauna ta yi dariya har da tafi. Ta ce kar in ɗauka a kanmu aka fara yayi. Kakarta da ƙorai aka yi mata jere, uwarta da tasoshi, ita kuma da kwalla da langa, an ɗora su har kusa da rufi, ga gado mai rumfa. Ƙannenta kuma tangaran a cikin kabad mai gilashi. Kowace amarya ta lokacin ido take sa wa ɗakin wadda ta riga ta, uwar da ba ta yi wa 'yarta irin na yayi ba kuma ta shiga bakin 'yan ganin ɗaki. "Amma ke 'yar nan," ta ce, "jere a ɗaki yake, ba a ci a ciki, ba a ɗora shi a wuta. Tukunyar girki tana madafi da baƙinta, ba mai zuwa ganinta. Ku ne kuka ɗauko jere kuka kai shi bakin murhu."

Daga nan na fara tambayar kaina, to ni me nake so? Na ga tun ina yarinya shuɗi nake so, shuɗin baba mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata, wanda in an buga shi yake ɗaukar ido. Ko zannuwan gadona shi ne. Amma da aka zo kicin ban ko kawo shi a raina ba, saboda ban taɓa ganinsa a hoton kowa ba. Ana cikin haka wata baƙuwa ta leƙa ta ce, "Kai, ya yi kyau, amma ai yanzu an daina fari, ruwan toka da kalar katako ake yi." Ko bashin na farko ban gama farfaɗowa daga shi ba.

Gyaran da muka yi bayan babbar sallah kaɗan ne, daidai aljihu. An cire kabad ɗin ƙarƙashin sinki, magini ya ɗaga wurin da bulo da siminti, aka bi da tayil, aka sa ƙofar alminiyam, yanzu in sheƙa ruwa yadda na ga dama. A kusurwar da ke kusa da ƙofar baya an yi min 'yar dakali, tsawonta bai kai gwiwa ba, murhun tuwo yana kai. Ƙofofin ƙasa an canza su zuwa shuɗi marar sheƙi, da mariƙi na ƙarfe da hannu mai ƙullu zai iya ja. An huda bango an fitar da bututun hayaƙi, tsakaninmu da falo kuma ƙofar gilashi mai duhu da ake turawa gefe. Kantocin bango na bar guda ɗaya, na sauke kwalaben, na ɗora kwallaye uku cikin na Umma masu jan fure, da akushi da faifai biyu da na sayo a kasuwar Kurmi. Su ma suna kwasar ƙura, amma goge su ba ya min nauyi.

Ƙanwata da ta gani ta ce sama fari, ƙasa shuɗi, ga kwalla, kicin ɗin ya rasa inda ya dosa. Wataƙila gaskiyarta. Wadda ta nemi lambar kafintan zan ba ta, da sharaɗin ta kai shi kicin ɗinta na yanzu ya ga tukwanenta da turminta kafin ta nuna masa waya, kuma ta sa ya rubuta irin allon da zai sa a kowane wuri. Mabul ɗin yana nan, kuɗin giranayit bai taru ba tukuna. Zoben tsamiyar na ɗora masa kwandon albasa.