Otal a gindin duwatsun Kolorado: kaya a wadace, hannu da tsada

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka ce in ba ka labarin masaukin da muka yi a jihar Kolorado ta Amurka, tunda kana da niyyar leƙowa idan Allah ya sa biza ta fito. To ga shi, sai dai ka yi haƙuri da tsawonsa, ka san ni da baki.

Daga birnin Hustan na jihar Tekzas muka tashi da safe, ni da Maman yara da yaran biyu, awa biyu da wani abu muka sauka a Denba, babban birnin Kolorado. Filin jirgin yana can gabas da gari, a wani fili fetal da ko tudu babu, har ƙaramar ta fara tambayar ina duwatsun da aka yi mata alkawari. Akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum tashar Union a tsakiyar birni cikin kamar minti 37, tun 2016 yake aiki. Mu dai mota muka yi haya, kuma ka riƙe wannan tun yanzu: otal ɗin bayan gari na mai mota ne. Wanda ya sauka a can ba mota, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Kafin mu taso na shafe dare biyu ina duba farashi. Otal-otal ɗin tsakiyar Denba suna da kyau, amma wanda na ƙyalla ido a kai, bayan kuɗin ɗaki sai an biya dala 45 kowane dare don motar ma ta kwana, kuma karin kumallo da kuɗinka. Na cikin duwatsun, irin na Estes Park ko Vail, a nan ne za ka buɗe taga ka ga dutse kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma kuɗin ɗaki ɗaya ya kusa na biyu a wani wurin, wasu ma har da ƙarin da suke kira kuɗin wurin shaƙatawa, ko ka shaƙata ko ba ka shaƙata ba. Sai na tsaya a tsakiya: wani otal mai hawa huɗu a Lekwud, yamma da Denba, kusa da inda babbar hanya ta 70 take fara hawa dutse. Dala 139 aka rubuta. Fakin kyauta, abincin safe kyauta, intanet kyauta.

Ban biya 139 ba. A ƙasar nan farashin da ke jikin kaya ba shi ake biya ba, sai an zo wajen kuɗi haraji yake fitowa, kuma harajin otal ya fi na kanti nauyi, don jiha da gari duk suna da rabonsu. Ban da wannan, yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta karɓi katina na banki da lasin tuƙi, ta ce za su riƙe dala 100 ko da mun fasa wani abu. Ba cirewa suke yi ba, riƙewa ce, amma kuɗin ba su taɓuwa sai sun sake su. Nawa sai da suka kwana biyar bayan mun bar otal ɗin. Idan katin da za ka zo da shi na kuɗin aljihunka ne, ba na bashi ba, to ka sa wannan cikin lissafi, kar ka je shan mai kati ya ba ka kunya.

Yanzu ga abin da na fi so ka gane. Mun iso ƙarfe ɗaya, aka ce ba a shiga ɗaki sai uku. Ba wanda ya yi fushi, ba wanda ya nemi a roƙe shi, doka ce kawai: shiga uku na yamma, fita sha ɗaya na safe. Da lokaci ya yi ta miƙo katin buɗe ƙofa guda biyu, ta nuna lifta da yatsa, ta koma kan kwamfutarta. Na tsaya da akwatuna huɗu ina waige-waige. Babu mai zuwa. Can gefe na hangi wani amalanke mai ƙarfen zinariya, ashe shi ne ɗan dakon otal ɗin. Ni na loda, ni na tura, ni na mayar da shi inda na ɗauko.

Haka abin yake har muka tafi. Duk abin da inji zai iya yi, ko wanda za a saya sau ɗaya a ajiye, akwai shi har ya yi yawa. Gadaje biyu manya, filo huɗu-huɗu, tawul fari tas an jera kamar a kanti, firji, na'urar ɗumama abinci, dutsen guga da teburinsa, talabijin da ya kusa cinye bango. Ruwan zafi ko ƙarfe ukun dare ka murɗa zai zo. A kowane hawa akwai injin ƙanƙara, ka tara bokiti ya zubo maka kyauta. Amma duk abin da sai ɗan Adam ya taso ya yi maka, to ko babu shi, ko da kuɗi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: albashin ma'aikaci da awa ake lissafa shi, mafi ƙarancinsa a Kolorado ya haura dala 14, don haka ma'aikaci ɗaya na yini guda ya fi tarin tawul tsada a wurin mai otal. Da daddare mutum ɗaya tal ke riƙe da ginin nan gaba ɗaya. Shi ke amsa waya, shi ke karɓar baƙi, shi ya kawo mana ƙarin bargo bayan minti arba'in yana ta ba da haƙuri.

Gyaran ɗaki ma haka. Akwai takarda a kan tebur cewa ba a shiga share ɗaki kullum sai ka nema tun daren jiya. Tun lokacin korona, 2020, otal-otal da yawa suka koma haka, cutar ta tafi tsarin ya zauna. Ranar da muka nema, wata dattijuwa ce ta zo, Sifaniyanci take yi, Turancinta kaɗan ne. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo: ta yaye zanen gado, ta shimfiɗa sabo, ta soke kusurwoyin nan huɗu da gefen hannu, ta daki filo sau biyu ya miƙe, duk cikin abin da bai kai minti uku ba. Al'adar nan ita ce a bar mata tukuici a kan filo ko tebur, dala biyu zuwa biyar. Ba dole ba ne, amma da ka ga yawan ɗakunan da ke jiran ta a takardar da ke maƙale jikin kekenta, hannunka da kansa zai shiga aljihu.

Abincin safe daga shida zuwa tara da rabi. Shi ma kowa tasa ta fisshe shi: faranti na takarda, cokali na roba, ka ɗiba da kanka ka kwashe da kanka. Burodi, ƙwai, madara, ayaba, tuffa, gahawa kamar rijiya. Naman da ke wajen kuwa, ka ɗauka na alade ne sai an tabbatar maka da akasin haka. Na tambayi matar da ke cika tirori, ta je ta ɗauko kwalin ta karanta mini, ba ta ji nauyi ba, wannan kam na yaba musu. Mun tsaya a ƙwai da burodi. Abin da ya sace zuciyar yaran shi ne injin wafil, wani irin fanke mai gida-gida. Ka tsiyayo ƙullun a kofi, ka zuba a ƙarfen, ka rufe ka juya shi, bayan minti biyu da rabi ya yi ƙara. Ran farko babban ya cika kofin ya wuce layi, ƙullu ya tumbatso ta gefe yana ƙauri, ga layin mutane a bayanmu. Wani dattijo mai hular kaboyi ya ce masa shi ma haka ya yi ran farko. Ban sani ba ko gaskiya ne, amma yaron ya daina ɓoye fuska.

Ƙorafina ɗaya ne na gaske. Na ƙara dala 15 a kowane dare don ɗaki mai kallon dutse. Da muka ɗaga labule, motoci ne a fake, sai gidan mai, sai babbar hanya tana ta gurnani, dutsen kuwa yana can kusurwar hagu, sai ka manna kunci da gilashi. Na sauka na yi magana cikin lalama. Ba gardama ko kaɗan, yarinyar ta ce ɗakunan sama sun cika, ta cire ƙarin daga lissafi nan take. Ka koyi wannan: a nan idan abu bai yi ba, ka faɗa a lokacin, da murya ƙasa-ƙasa, ga wanda ke kan tebur. Yawanci an ba su ikon rage maka wani abu ba sai an kira manaja ba. Wanda ya haɗiye sai ya koma gida, shi ya so.

Ƙananan abubuwa a gurguje. Soket ɗinsu mai siririn baki biyu ne, wutar kuma volt 120 ce, ka taho da adafta. Banɗaki takarda ce kawai, ka san dabarar da za ka yi da gorar ruwa. Alƙibla daga Denba arewa maso gabas take, kar mamaki ya kama ka idan waya ta nuna maka haka. An hana shan taba a ɗaki, kuma takardar ta ambaci wiwi da sunanta, don tun 2012 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'ar halatta ta, tarar kuwa dala 250. Injin wanki yana hawa na biyu, da silalla yake aiki.

Abin da ba a rubuta a tallar otal ba shi ne tsayin wurin. Denba tana kan mita 1,609 daga teku, mil ɗaya cif, mu kuma daga Hustan muke, wadda kusan a bakin teku take. Iskar da kake shaƙa a nan ba ta kai ta ƙasa kauri ba, kusan kashi 17 cikin ɗari ta ragu. Daren farko na hau bene hawa biyu da ƙafa, na tsaya ina haki kamar wanda ya yi tsere. Maman yara ta kwana da ciwon kai, leɓe ya tsage kamar ana tsakiyar hunturu, don iskar a bushe take ƙamas. Da ta buɗe robar man shafawa sai ya yi tsartuwa har madubi, saboda an rufe shi a ƙasa an buɗe a sama. Ko ruwan shayi a nan wajen digiri 95 yake tafasa. Maganin duk wannan ruwa ne da haƙuri na kwana ɗaya ko biyu, kuma a nan ne na ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu: da kai tsaye muka wuce muka kwana can sama, da jiki ya gaya mana. Kwanan gindin dutse ya ba mu damar sabawa.

Maganar ruwa ta tuna mini. Gora ɗaya a ɗan shagon otal dala 3. Minti biyar a mota akwai babban kanti, ƙunshin gora 24 bai kai dala 6 ba. Ruwan famfon ma lafiyayye ne, daga dusar ƙanƙarar duwatsun yake gangarowa, daga baya shi muka koma sha. Ka riƙe jakar cefanenka, don tun 2023 ake sayar da jakar zuba kaya santi 10 a jihar.

Daga ƙofar otal, kwata na awa ya kai mu Goldin, ɗan garin da rafi ya ratsa, inda makarantar koyon haƙar ma'adinai take tun 1874. Red Rocks ma kusa ne, dandalin kiɗa da waƙa da aka gina tsakanin jajayen duwatsu biyu aka buɗe a 1941, da rana mutane na hawa da sauka a matakalarsa don motsa jiki, ni dai na zauna na yi musu fatan alheri. Rana ta uku muka bi hanya ta 70 har inda aka huda dutse mota ke wucewa ta ciki, a tsayin kusan mita 3,400. Ledar dankalin yaran ta kumbura tam kamar za ta fashe, ga ƙanƙara fara fat a gefen hanya cikin watan Yuni. Babban gandun dajin duwatsun Roki, wanda aka kafa a 1915, bai yiwu mana ba. Lokacin da muka je sai ka kama lokacin shiga ta intanet tun da wuri, ni kuwa ban sani ba sai da muka yi shiri. Laifina ne wannan, ba na kowa ba.

Ranar tafiya ba wanda ya zo duba ɗaki ko ƙirga tawul. Rasit ya riga ya shigo imel tun asuba, na jefa katunan a wani akwati, na sake ɗauko amalanken nan. Idan zuwanka ya faɗa tsakanin Satumba da Mayu, ka gaya wa masu hayar mota cewa dutse za ka hau, don a watannin nan akwai dokar irin tayar da ake bin hanya ta 70 da ita. Kuma ka taho da rigar sanyi ko da bazara ce. Ka gaida Hajiya, ka ce mata jikokinta sun taɓa ƙanƙara da hannunsu, ƙaramar har ta cusa wata a aljihu wai za ta kawo mata.